Mai Gawayi Ya Hana Wuta

"Mma Zuera, ina ruwan? Malam na jira fa."

Hajiya Fulera ce ke magana daga ƙofar ɗakin mamacin, ta ɗage labule da hannu ɗaya, ɗayan riƙe da carbi. Zuera kuwa tana tsugune gaban kurfotinta, ɗan murhun gawayi na ƙarfe. Ta zuba gawayi, ta yayyafa kananzir, ga tukunya cike da ruwa a gefe, ga ashana a hannu. Abu ɗaya ya rage, ta ƙyasta. Sai ta tsaya tana kallon tsinken ashanar kamar yau ta fara ganin irinsa.

"Yanzun nan, Hajiya."

"Tun ɗazu kike yanzun nan. Gawa ba ta jiran kowa, kin sani."

Ta sani mana. Wa zai koya wa Zuera aikin gidan mutuwa a Maamobi, unguwarsu ta birnin Akra? In an yi rasuwa a layinsu, ita ke ɗumama ruwan wankan gawa, ita ke ɗora tukunyar farko, ita ke sauke ta ƙarshe ranar addu'a. Manyan tukwanen ƙungiyar mata ma a bayan ɗakinta suke kife. Amma wannan gawar ta Baba Issifu ce, maƙwabcinta da bango ɗaya ya raba su tun tana amarya. Kuma jiya jiyan nan ya riƙe hannunta ya ce kada a hura wuta saboda shi, ita kuma ta ce to.

Ta mayar da ashanar cikin kwali ta miƙe. Idonta ya faɗa kan baƙin tankin roba da ke kan dakali a tsakar gida, wanda tun shigowar zafin bana ba mai iya wanka da ruwansa in hantsi ya ɗaga. Ta tari bokiti biyu ta kai bakin ƙofa. Malam Abdulsalami, limamin masallacin layin, ya leƙo ya tsoma hannu, ya yi saurin zarewa.

"Kai, Mma Zuera, ai kin kusa tafasa shi. A sirka da na randa."

Ta ɗebo na randa ta sirka, ta koma ta zauna kusa da kurfotin da ko ɗumi bai yi ba. Ta rasa abin da ya kamata ta ji, daɗi ko tsoro.

Daga Maamobi har Nima, in ka ce Baba Issifu ba lalle a gane ba, amma ka ce Baba Mai Gawayi, kowa zai nuna maka gidan. Mutumin Tumu ne, can arewacin Gana. A bayan motar gawayi ya shigo Akra yana saurayi, a cikin gawayi kuma ya tsufa. Layukan tafin hannunsa baƙaƙe ne, sabulu ya yi iya yinsa ya haƙura. In ya ɗauki guntu ya ƙwanƙwasa da farce zai gaya maka itacensa: wannan kaɗanya, wannan kirya, wannan kuwa banza ne, toka kawai zai tara maka. Zuera mai koko ce, kuma ba ta taɓa sayen gawayin wani ba sai nasa.

Bara abin ya fara, da ya je garinsu ta'aziyyar ƙanensa bayan ya daɗe rabonsa da can. Ya dawo shiru shiru, da ƙullin iri a aljihu. Sai da Zuera ta matsa masa ya ce ya sauka daga mota ya kasa gane hanyar gidan ubansa, don da itatuwa yake gane ta, kuma babu su. Kaɗanyun da uwarsa ke tsintar ƙwara a ƙarƙashinsu duk sun koma kututture. Damina ta makara, da ta zo kuma ta zo da hauka ta kwashe gonaki.

"Na tambaya, ina itacen suka tafi?" in ji shi. "Wani ya ce, Baba, ai suna Akra."

Ana cikin haka sai ga wata malama a shirin Hausa na rediyo tana bayanin abin da ta kira sauyin yanayi. Ta ce hayaƙin da mutane ke tayarwa ba ɓacewa yake ba, taruwa yake a sama ya lulluɓe duniya kamar bargo, shi ke kawo wannan zafin da ruwan da ba shi da kai. Ta ce kowane mutum na da kasonsa a ciki, kowa ya rage nasa. Mutanen gidan duk sun ji, kowa ya ce Allah ya kyauta ya ci gaba da harkarsa. Baba Issifu kaɗai ya ɗauki maganar ya kai ɗaki.

To daga nan fa aka shiga uku da shi. Ya bar rumfar gawayin ga wani ɗan garinsu. Ya daina hawa trotro, motocin haya, har shatalen Circle na cikin gari da ƙafa yake zuwa, tsoho da sanda. In an ba shi abu a leda sai ya juye ya mayar da ledar. Ya bi gwangwanayen madara da na tumatir ya cika da ƙasa ya shuka irinsa, ɗorawa da tsamiya da kaɗanya, ya jera su a gindin bango har mutane na tuntuɓe da su, a unguwar da ko wurin shanya sai an yi faɗa. Ƙwan lantarkin zaure kuwa ya zama abokin gabarsa, a kunna ya kashe. Masu haya suka ce tsufa ne ya taɓa kai.

Zuera ba ta ce hauka ba ne, amma ba ta gane ba. Ita dai ta san in ta tsaya a Circle da safe, hayaƙin da motoci ke fesa mata kafin ta tsallaka titi ya fi na kurfotinta na wata guda. Jiragen sama kuma a kan rufinsu suke wucewa suna girgiza kwano. Tsoho ɗaya mai shan koko, nawa zai rage? Wata safiya da ya miƙo kwanonsa ta ce masa, "Baba, kokon nan fa ba farin wata ya dafa shi ba."

Ya yi dariya har da tari. Hausarsa irin ta Zongo ce, mace da namiji duk "ka" ne a bakinsa. "Bari, Zuera, kada ka tuna mini. Shi ma ina tunaninsa."

Inda abin ya daina ba da dariya shi ne tsakaninsa da ɗansa tilo, Abdul-Razak, direban babbar mota. Ba wani kaya yake ɗaukowa daga arewa ba kuwa sai gawayi. Uban ya ce ya bari ya nemi wani kayan. Ɗan ya ce da gawayi aka yi masa suna, da shi aka kai shi makaranta, yau kuma rediyo ta mai da shi haram? Suka yi ta sama da ƙasa a tsakar gida kowa na ji. Tun daga ranar Abdul-Razak bai ƙara taka gidan ba.

Da zafin bana ya kankama, Baba Issifu ya cire wayar fankarsa ya naɗe. Ɗaki ƙarami, rufin kwano, taga ɗaya mai kallon bangon wasu. Zuera ta roƙe shi, ta yi masa faɗa, ta kunna da kanta, tana fita ya kashe. Ranar da ya yanke jiki ya faɗi, ma'aikaciyar jinya ta ce zafi ne ya haɗu da hawan jini. Wannan ya tsaya wa Zuera a rai. Wato zafin da yake gudun ƙarawa shi ne ya kwantar da shi.

Jiya da la'asar tana yi masa fifita da murfin kwali, sai ya kamo hannunta.

"Zuera, ka ji ni da kyau. In na tafi, kada a hura wuta don ni. Ba itace, ba gawayi. Har a yi addu'ar uku."

"Haba Baba, wa ya ce za ka tafi? Kuma mutane me za su ci?"

"Su ci abin da Allah ya ba su. Wutar da aka hura da hannuna a garin nan ya isa. Ba na so in kwanta ana ƙara mini." Ya numfasa. "Kai ne mai tukunya. In ka ƙi, ba wanda zai ɗora."

A nan ya yi kuskure, amma ba ta da zuciyar gaya masa. Ta ce to, irin to ɗin da ake ce wa mara lafiya don ya yi barci. Da asuba da ta ƙwanƙwasa masa don sallah, bai amsa ba.

An kai shi bayan azahar. Abdul-Razak bai samu jana'izar ba, motarsa ta lalace a hanya, sai washegari da hantsi ya iso da baƙin mai har gwiwar hannu. Ya shiga ɗakin uban ya daɗe. Da ya fito idonsa ja, bai zauna karɓar gaisuwa ba, ya shiga kiran waya. Kafin azahar ga aboboya, keken kaya mai ƙafa uku, ta tsaya a ƙofar gida da itace lodi guda, wata na biye da buhunan shinkafa da jarkokin mai, an kuma ɗaure sa a jikin turken lantarki.

"Mma Zuera," ya ce, "ban ga wankansa ba, ban ɗauki makararsa ba. Addu'ar nan kawai ya rage mini. Ka dafa abin da Maamobi ba za su manta ba."

Zuera ta matso kusa da shi. Ta ja shi gefe, wajen gwangwanayen, ta gaya masa abin da uban ya ce, kalma da kalma. Tana magana fuskarsa na canzawa.

"Har a kabari bai bar ni ba ke nan," ya ce a hankali. "Ni yake nufi. So yake a ce ɗan mai gawayi ya kasa hura wa ubansa wuta."

"Bai ambaci sunanka ba, wallahi."

"Ba sai ya ambata ba. Mutum na cikin zazzaɓi, ka ɗauki maganarsa? Wa ya ji ban da kai?"

Ba wanda ya ji. Don haka ta yafa gyale ta nufi masallaci, ta sami Malam Abdulsalami a inuwar baranda. Mutumin Tawa ne ta Nijar, Hausarsa tas, kuma ba ya gaggawar magana. Ya saurare ta har ƙarshe yana shafa gemu.

"Wasiyya, in ba ta saɓa wa shari'a ba, cika ta ya fi," ya ce. "Kuma gaskiya, wannan girke-girken na gidan mutuwa ba farilla ba ne, al'ada ce."

Ta ji sanyi. "To in ƙi ke nan?"

"Amma ciyarwa sadaka ce, ladanta na isa ga mamaci. Ɗa kuma yana da hakkin ya yi wa ubansa."

"To in dafa ke nan?"

"Ban ce ba."

"Malam, gas fa? Ya ce itace da gawayi, amma da farko cewa ya yi wuta. Ruwan shayin baƙi fa?"

Malam ya dubi titi. "Mma Zuera, na karanta babin jana'iza tun ina yaro, ban ga inda aka yi maganar hayaƙi ba. Ke kika ji shi, ke kika amsa. Abin da ke tsakaninki da shi ne."

Ta koma gida da ruɗun da ya fi wanda ta fita da shi. A tsakar gida ta tarar Hajiya Fulera, magajiyar ƙungiyar mata, ta sa an fara jera duwatsun murhu. Labari ya riga ya kai mata.

"Zuera, me nake ji? Mutane za su zo daga Sabon Zongo, daga Madina ta nan Akra, 'yan garinsu za su cika mota, mu tarbe su da me, da hamma? Tsohon nan kowa ya san kansa ya taɓu."

"Ko ya taɓu, Hajiya, na ce masa to."

"Kin yarda ke nan tukunyarki ce ke kawo zafin gari?"

"Ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Ni dai na ce masa to, kuma ya mutu a kan haka."

Ba ta shirya faɗin wannan ba, fitowa kawai ya yi. Hajiya Fulera ta dube ta sama da ƙasa.

"Shi ke nan. Ba tilas a aikin lada. Amma ki sani tukwanen nan na ƙungiya ne, ba gadonki ba. In suka fita yau ba za su dawo ba. Kuma ranar da taki ta same ki, kada ki ce mata ba su zo ba."

Zuera na tsaye aka mirgino tukwanen ɗaya bayan ɗaya daga bayan ɗakinta. Ita ta san wadda ke yoyo a kunne, ita ta san wadda ke kama shinkafa in ba a rage mata wuta ba. Aka ɗauki babban ludayin da hannunta ya goge wa mariƙi sumul. Aka kwashe itacen aka kai layin baya, gidan ƙanwar Hajiya. Ta shiga ɗaki ta yi kuka, kuma ko ita ba za ta iya cewa na tsohon ne ko na tukwanen ba.

Abin mamaki, masu hayan gidan da suka sha zagin Baba Issifu a kan ƙwan lantarki, ba wanda ya hura wuta a cikinsu. Ba shawara suka yi ba. Kowa dai ya ga kurfotin Zuera a kife, ya ji nauyin ya zama na farko. Aka koma jiƙa garin rogo da sukari, ana sayo burodi da dokunu, tuwon masarar nan mai tsami, daga titi. Zuera na cin dokunun tana tambayar kanta, shi wannan da me aka dafa shi? Ita ma teburin kokonta na nan a jingine, masu saye na zuwa suna komawa. Ko wannan na cikin alkawarin? Koko ai ba don shi take damawa ba. Ta rasa mai ba ta amsa, ta bar shi a jingine.

Amma a ce Baba Issifu ya tafi ba abin da ya fito daga hannunta, wannan ta kasa haɗiyewa. Tana zaune tana kallon buhun geron kokonta sai kakarta ta faɗo mata a rai. Lokacin da kakanta ya rasu tana yarinya, ba shinkafa aka raba ba, ba nama. Gumba aka daka. Ɗanyen gero ne, a surfa, a wanke, a kirɓa da sukari da citta da kanumfari, a dunƙula, ko kusa da murhu ba ya zuwa. Rabon da ta ga an yi a unguwar har ta manta.

Ta ɗauki roba za ta kai injin niƙa, ta kai zaure ta tsaya. Inji ma ai hayaƙi yake yi. Ta yi tsaki, ta ce, "Baba, ka haɗa ni da aiki." Ta dawo ta jawo tsohon turmin da yara suka mai da kujera, ta wanke shi.

Duk yammacin nan daka take. Kafaɗunta da suka saba da ludayi suka fara ƙara. Can sai wata tsohuwa Bazabarma mai sayar da goro a bakin layi ta leƙo, ta ce ta ji tabarya ne ta ɗauka kunnenta ke yi mata gizo. Ta dubi turmin, ta shinshina. Ta ɗaura ɗankwali a ƙugu ta karɓi tabarya ta biyu.

Ranar addu'a aka toshe layi da rumfuna da kujerun roba, aka ɗaura lasifika, janareta na ruri. Tun da sassafe hayaƙi ya tashi daga layin baya, mai kauri, na ɗanyen itace. Iska kuwa ba ta tashi kaɗa shi ko'ina ba sai cikin gidansu. Ya tsallako katanga, ya bi ta kan gwangwanayen, ya tsaya a ƙofar ɗakin mamacin. Zuera ta tsaya da farantin gumba a hannu tana kallo, idonta na yaji. Ga shi ta rasa tukwane, ta ɓata da Hajiya, kuma wutar an hura. To me ta yi ke nan?

Aka yi addu'a aka shafa. Aka shiga rabon shinkafa da nama a farar robar nan ta zamani, kowa na cusa biyu uku a jaka. An ci an yaba, an ce Abdul-Razak ɗa ne. Farantin Zuera na kan benci a bakin zaure. 'Yan mata suka leƙa suka ce wannan fura ce ba a dafa ba? Suka wuce suna dariya. Tsofaffi ne kawai suka ɗiba. Malam Abdulsalami ya ɗauki dunƙule ɗaya ya gutsura, ya daɗe yana taunawa.

"Rabona da wannan tun rasuwar mahaifiyata a Tawa," ya ce. Ya naɗe wani a hankici ya sa aljihu. Bai ce ta yi daidai ba, bai ce ta yi kuskure ba.

Da la'asar taro ya watse. Robobi da ledojin ruwa sun rufe layin, yara na ture su da ƙafa cikin kwata. Zuera na zaune a bakin ƙofarta da sauran gumba fiye da rabi, sai ga Abdul-Razak ya shigo, shaddarsa duk maiƙo. Ya tsaya a tsakar gida yana kallon murhunan mutane a kife. Ya zo ya zauna a kan turmin.

"Ba ka ci shinkafar ba," ya ce.

"Ban ci ba."

Ya miƙa hannu ya ɗauki gumba, ya juya ta, ya kai baki. Sai ya sunkuyar da kai.

"Ranar ukun uwata shi ya daka wannan da kansa. Mata na yi masa dariya. Ina ƙarami, ya ba ni a hannu." Ya ɗago kai. "Mma, gaya mini kuma. Yadda ya faɗa."

Ta sake gaya masa. Wannan karon bai katse ta ba.

"Ban cika masa ba," ta ce. "Ka ga hayaƙin har ƙofarsa ya zo."

"Ni na hura, ba kai ba." Yadda ya faɗi "kai" ɗin, sak muryar uban, har ta ɗago ta dube shi. "Ni kuma gobe zan koma hanya, kuma gawayi zan ɗauko. Yara huɗu gare ni, Mma. In ce musu me? Gaskiya ne abin da rediyon ya faɗa?"

"Ni ka tambaya? Ni dai na san ruwan wankansa ba a ɗora shi a wuta ba. Daga tankin can na tara, sai da aka sirka."

Ya juya ya dubi tankin, ya daɗe yana dubansa. Sannan idonsa ya sauka kan gwangwanayen.

"Waɗannan fa, me ya ce a yi da su?"

"Bai ce ba. Kullum dai yana cewa ba 'yan nan ba ne, ƙasar nan ba tasu ba ce."

"Motata ba kaya take tafiya arewa," ya ce, kamar da kansa yake magana. "Ban san ko za su kai ba. Awaki ma na nan can." Ya miƙe ya karkaɗe riga. Bai yi mata alkawarin komai ba, ita ma ba ta nema ba. Kafin magariba ya kawo aboboyar da ta kawo itace, ya jera gwangwanayen a ciki da hannunsa, yana tokare su da tsumma don kada su kife kafin a kai su wajen babbar motarsa.

Washegari bayan sallar asuba Zuera ta fito da teburinta. Kwana uku sun cika, masu koko za su zo, kuma gidanta ma sai an ci. Bayan ɗakinta fayau, ba tukunya ko ɗaya. A gindin bango sai zagayen tsatsa a kan siminti, layi guda, inda gwangwanayen suka zauna. Ɗaya kaɗai aka bari, an ajiye shi daidai bakin ƙofarta, gwangwanin madara da ɗan tsiron kaɗanya mai jan ganye.

Ta juyo kurfotin, ta zuba gawayi daga ragowar buhun da ta saya a rumfarsa ta dā. Ta ɗauki guntu ɗaya ta ƙwanƙwasa da farce yadda yake yi, ba ta gane komai ba, ta mayar. Ta yi bisimilla ta ƙyasta ashana. Hayaƙin ya tashi siriri, ya karkata wajen ƙofa.

Zuera ta ajiye mafici, ta ɗauki gwangwanin da hannu biyu, ta matsar da shi ɗaya gefen, inda hayaƙin ba ya bi.